Tukunyar Burkutu a Bayan Katangarmu

(Jawabin da kwamitin kula da zaman unguwa ya gabatar a babban taron ƙungiya)



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Shugaban taro, limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke zaune can baya, dattawa da samari, muna yi wa kowa barka da zuwa, muna kuma godiya da kuka baro kasuwa da wuraren aiki kuka amsa wannan kira.

An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin magana a kan abin da yawancinmu muka fi so a yi shiru a kansa, wato dafa burkutu a cikin gidaje a wannan unguwa tamu da ƙauyukan da ke kewaye da mu. Koke ya yi yawa. Wani ya zo ya ce hayaƙi ya hana iyalinsa sakat, wani ya ce ruwan tsamin da ake zubarwa ta ƙofar gidansa yake bi, wata uwa kuma ta zo da kuka ta ce ɗanta ba ya dawowa gida da kuɗin aikinsa. Har ila yau mun sami labarin akwai samarin da ke cewa a ba su rana ɗaya kawai su je su farfasa tukwanen kowa ya huta. To, shi ya sa muka ga gara a baje maganar a faifai, a dubi ribar wannan sana'a ga masu yinta, a dubi hasararta, sa'an nan a dubi inda hannunmu yake a ciki. Domin kuwa, jama'a, akwai hannunmu a ciki, kuma za mu zo wurin.

Hukuncin giya a wurinmu ba abin muhawara ba ne. Haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta rufe wannan ƙofa, kuma malamanmu suna nan zaune, ba za mu yi musu shisshigi ba. Amma ko Alƙur'ani, a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, ya ambaci amfanin da mutane ke samu a cikinta kafin ya rinjayar da zunubinta. Ke nan ba laifi ba ne mu san mene ne wannan amfani. Wanda bai san abin da ke riƙe da mace a gaban murhu kwana da kwanaki ba, ba zai iya yi mata magana ta ji ba.

Da farko mu tuna inda muke. Zaman Bahaushe da mutanen wannan ƙasa ba jiya ya fara ba. Tun lokacin da jihadi ya ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa ya sauka wajen Zuba, ƙaninsa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. Waɗannan mutane sun tarar da Gwarawa da Koro da Gade da Gwandara da Bassa a ƙasarsu, sun kuma tarar da tukunyar giya a kan murhu. Dokar da ta kafa sabon Babban Birnin Tarayya ta fito ne ranar 3 ga Fabrairu 1976 a zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati kuma ba ta taso daga Legas ba sai ranar 12 ga Disamba 1991. Yawancinmu bayan nan muka zo, wani da buhun goro, wani da keken ɗinki, wani da ƙarfinsa kawai, muka bazu a Karu da Nyanya da Gwagwa da Karmo da Mpape da Dei-Dei da sauransu. Tukunyar ta riga mu zuwa. Wannan ba yabonta muke yi ba, lissafin shekaru ne kawai.

Wani abu kuma, tun da bakinmu ya kai wurin. Mutanen nan sun fi son a kira su Gbagyi, kuma ya kamata yaranmu su daina mayar da sunan ƙabilarsu abin zolaya. Daɗin daɗawa ba kowane Bagwari ne ke dafa giya ko shanta ba. Akwai Musulmi da yawa a cikinsu da muke sahu ɗaya da su ran Juma'a, akwai Kiristocin da cocinsu ya hana su kusantarta. Masu dafawar a yau haɗin gambiza ne, har da baƙi irinmu da suka zo daga Filato da kudancin Kaduna da Binuwai. Kuma kada mu manta Maguzawa, Hausawa ne tsantsa, a ƙasar Kano da Katsina, sun daɗe suna dafa tasu. Wanda ya mayar da wannan magana ta ƙabilanci ya ɓata ta tun ba a fara ba.

Yanzu mene ne a cikin tukunyar? Dawa ce, galibi jar dawa. Ana jiƙa ta ta kwana, a tsame a baza a inuwa a rufe da ganye ko buhu, ana yayyafa mata ruwa har kwana huɗu ko biyar sai ta yi tsiro. Wannan tsiron shi ne sirrin abin, domin lokacin da ƙwaya ta fara tsirowa tana fitar da wani sinadari da ke mayar da garin cikinta ya zama sukari. Iyayenmu mata sun san wannan sarai, don da tsiron shinkafa ko na dawa wasunsu ke zaƙaƙa kunun zaƙi ba tare da sun sa sukari mai yawa ba. Sai a shanya tsiron, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa sa'o'i masu yawa, a sauke ya huce. Har zuwa nan babu maye a ciki. Maye yana shiga ne lokacin da aka zuba ragowar tsohuwar giya a kai, ƙwayoyin yis da ke cikinta su kama cin sukarin nan suna mayar da shi barasa, tukunya ta yi ta kumfa kwana ɗaya ko biyu. Aikin mako guda ne cur, aikin itace da ruwa da tsayuwa a gaban wuta. Ƙarfin barasar da ke ciki bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba, wato kusan daidai da giyar kwalba. Kuma ba ya ajiyuwa. Bayan 'yan kwanaki ya tsinke ya zama ruwan tsami, shi ya sa dole ranar da aka sauke a shanye, shi ya sa kuma ranar sauke tukunya unguwa ba ta barci.

Irin wannan giya ba a nan kaɗai take ba. 'Yan'uwanmu da ke zaune a zango-zangon Gana sun san ta da sunan fito, a Burkina Faso dolo suke ce mata, a arewacin Kamaru bilbil. Ko'ina ka je kuwa sana'ar mata ce.

A nan ribar farko take, kuma ita ce mafi nauyi. Macen da mijinta ya mutu, ko gwamnati ta karɓe gonarsu aka yi rukunin gidaje a kai, ba ta da takardar makaranta, ba ta da jarin kama shago a Wuse, amma tana da randa da tukunya da abin da ta koya a wurin uwarta. Da mudu kaɗan na dawa, wani lokaci ma bashi ta karɓo, sai ta juya kuɗinta cikin mako guda. Da wannan take biyan kuɗin makaranta, da shi take kai yaro asibiti. Mu da muka san abin da ƙosai da ƙuli-ƙuli da fura suke yi wa matanmu a cikin kulle, bai kamata wannan lissafi ya yi mana wuyar ganewa ba. Sa'an nan a ƙauye tukunyar tana da aikinta a gayya, manomi ya tara mutane su yi masa noma ya sallame su da abinci da giya maimakon kuɗi, tana kuma shiga bikin aure da na mutuwa ga masu bin al'adar gargajiya. Masu shanta suna cewa abinci ce, domin tana da kauri tana riƙe ciki. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, tun da hatsi ne, amma kunu ma yana riƙe ciki bai kuma taɓa sa mutum ya kwana a kwata ba.

To, riba ta biyu fa, wa ke cinta? Jama'a, a yi haƙuri da mu. Wa ke sayar da dawar? Ku je layin 'yan hatsi a kowace kasuwa daga Gwagwalada zuwa Bwari ku ga ko wane yare ake yi. Wa ke da injin niƙan da ake kai tsiron? Wa ke turo kurar ruwa jarka goma sha biyu zuwa ƙofar gidan? Wa ke sayen dusar da aka tace yana ba tumakinsa na kiwon Layya? Kuma, abin da ya fi duka, wa ke da gidajen hayar da wasu daga cikin masu dafawar ke zaune? Da kwamiti ya bi koke-koken nan ɗaya bayan ɗaya, mun tarar akwai gidajen da ake kuka da su waɗanda masu su 'yan wannan ƙungiya ne. Ba za mu kama suna ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Abin bai ma tsaya a unguwa ba. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, wanda da shi kamfanonin giya ke aiki. Sai suka koma kan dawa da masara. Ko da yake daga baya an sassauta dokar, sun riga sun saba, har yau wani kaso na dawar da ake nomawa a Arewa, wadda ake lodinta a manyan kasuwanni irin su Dawanau, can take tafiya, wata ta zama giyar kwalba, wata ta zama lemon malt da muke sha a walima. Wato abin da matar bayan katangarmu ke yi da randa shi kamfani ke yi da injin, sai dai shi yana da lasisi da lauya.

Yanzu hasara. Ta farko a fili take, kuma ita ta kawo uwar nan gaban kwamiti. Burkutu yana da araha, yana kusa, ana ba da shi bashi, kuma ana shansa a cikin gida bayan katanga inda babu mai gani. Saurayin da ya baro Katsina ko Zamfara ko Maraɗi, wanda a garinsu kunyar idon mutane kaɗai ta ishe shi tsaro, ya zo nan yana dakon kaya ko acaɓa ko haƙar yashi, babu uba babu kawu, ya yini cikin rana, da yamma abokin aiki ya ce zo mu je ka jiƙa maƙoshi. Ba kwalba a hannunsa balle a ce ga shi, ƙwarya ce kamar ta fura. Daga nan sai sallar Magariba ta fara wucewa, sai kuɗin da ake aika wa gida ya ragu, sai ya daina zuwa ƙauye da damina. Kuma mai babur da ya sha ƙwarya uku ya hau titin Zuba zuwa Kubwa da dare, kun san abin da muke nufi, don mun sha yin karo-karon kai gawa gida.

Ta biyu ita ce lafiya, kuma wannan ta shafi masu dafawar da masu sha fiye da mu, amma maƙwabci yana da haƙƙin a gaya masa. Giyar gida babu mai auna ta. Makiyayanmu sun san gyauron dawa yana kashe saniya. Gubar nan da ke cikin ɗanyen ganyen dawa tana nan a cikin tsiron, shanya da doguwar dahuwa ne ke rage ta, don haka mai gaggawa da ta taƙaita aikin tana wasa da rayuka. Hatsin da ya yi fumfuna a rumbu, wanda ba zai sayu a matsayin abinci ba, sau da yawa shi ake karyar wa masu dafa giya da araha, alhali wannan fumfuna tana ɗauke da guba mai cin hanta. A nan ma sai mu tambayi kanmu wa ya sayar. A ƙasar Mozambik, cikin Janairun 2015, mutum 75 suka mutu a garin Chitima bayan sun sha giyar gida a wurin zaman makoki, bincike kuma ya nuna garin masarar da aka yi ta da shi ne ya lalace, wata ƙwayar cuta ta zuba guba a ciki. Sa'an nan ga batun mazubi. Da can tukunyar ƙasa ce, irin wadda ƙasar nan ta yi suna a kanta, ƙasar su Ladi Kwali da hotonta ke kan naira 20. Yanzu an koma gangar ƙarfe, wata ma ba a san abin da ta ɗauko daga kamfani ba kafin ta zo hannu. Likitoci a kudancin Afirka sun daɗe da gano cewa giya mai tsami da aka dafa a gangar ƙarfe tana cin ƙarfen, ya taru a jikin mai sha shekara da shekaru har ya lalata hanta.

Amma a yi adalci a nan, domin mun ji ana haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Mace-macen da aka yi a Ode-Irele ta Jihar Ondo cikin Afrilun 2015, inda aƙalla mutum 18 suka rasu, da na Jihar Ribas cikin Yunin shekarar, inda fiye da 60 suka tafi, ba burkutu ba ne. Ogogoro ce, wadda ake tatsa ta hanyar turara, aka kuma sami sinadarin metanol a ciki, mai makantarwa kafin ya kashe. Haɗarin da ke nan unguwarmu shi ne gauraye. Mai sha ya ce bai ji komai ba, sai a tsiyaya masa ogogoro ko barasar leda a cikin ƙwaryar, wani ya jefa ƙwaya. Hukumar NAFDAC ta sanar da hana barasar leda da ta ƙananan kwalabe a 2024, aka yi ta ja-in-ja da kamfanoni a kai.

Tun da mun ambaci ƙwaya, bari mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci. In da a yau za a kwashe duk tukwanen burkutun Abuja a zuba a Dam ɗin Usuma, matsalar samarinmu ba ta ƙare ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, bayan BBC ta nuna yadda ake shansa a Kano da Jigawa. Tiramol da kodin da sholisho ba Bagwariya ce ke sayar da su ba. A ina ake samunsu a unguwar nan? Kowa ya sani. Yaron da ke jin ƙyamar warin giya don kada a ce ya sha haram, shi ne zai haɗiye ƙwaya huɗu da shayi ya shigo masallaci babu mai jin wari. Ruwa ba ya tsami banza.

Sauran hasarar ta zaman gida ce, ba sai mun daɗe a kai ba. Itacen da tukunya ɗaya ke ci ya fi na tuwon gida na kwanaki, hayaƙi a tsakar gidan haya mai ɗaki goma, ruwan tsami a lungu yana tara ƙuda da sauro, maza baƙi suna shige da fice a gidan da matan aure ke wanka da girki, fitsari a jikin katanga, zage-zage a kunnen yara.

To, me za a yi? Mu fara da abin da ba za a yi ba. Samari, ku saurara da kyau. Nan ba Kano ba ce, ba kuma Zamfara ba. Jihohi 12 ne suka ɗauki shari'ar Musulunci a fannin laifuffuka daga 1999, har da maƙwabciyarmu Neja, amma Babban Birnin Tarayya ba ya cikinsu, babu kuma Hisbar gwamnati a nan. Wanda ya shiga gidan mutum ya fasa masa kaya, shi doka za ta kama, kuma wannan ƙungiya ba za ta bi shi caji ofis da kuɗin jama'a ba. Bayan haka ku dubi ƙasar da muke kai. Dukan filayen Abuja a hannun Gwamnatin Tarayya suke. Yawancinmu takardar da muke riƙe da ita ta mai unguwa ce, wadda hukumar raya birnin ba ta san da ita ba. Waɗanda suka ga rusau tsakanin 2003 da 2007, a Chika da Idu-Karmo da sauran wurare, sun san yadda katafila ke shigowa, mutanen Mpape kuma sun san zullumin da suka shiga a 2012 da aka ba su sanarwar tashi. Unguwar da ta yi ƙaurin suna da rikicin ƙabilanci ta ba da hujja da hannunta. Kuma in an zo rushewa, ɗan asalin wuri yana da maganar diyya da sake matsuguni, mu baƙi sai dai mu ɗaure tabarma.

Ko da babu wannan tsoro, fasa tukunya bai taɓa kashe sana'ar ba. Turawan Afirka ta Kudu sun hana matan baƙar fata dafa giyar dawa a gida a birnin Durban, suka buɗe mashayar hukuma tun 1909 don kuɗin ya shigo musu, 'yan sanda suna bi gida-gida suna kifar da ganguna. Abin da ya haifar shi ne boren mata a 1929, da wani mafi girma a Cato Manor a 1959, giyar kuma ba ta daina dahuwa ba, ɓuya kawai ta yi. Amurka da duk ƙarfinta ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, ta ƙare da 'yan fasa-ƙwauri da giyar ɓoye mai kisa, ta janye dokar. Mace mai 'ya'ya biyar da ka fasa wa tukunya yau, jibi za ta ari wata, ta kuma riƙe ka a zuciya har jikokinka.

Inda muke da iko shi ne gidajenmu. Mai gidan haya yana da damar ya sa sharaɗi tun ranar da zai karɓi kuɗi, cewa ba a dafa giya ba a sayar da ita a gidansa, a rubuta a takarda a gaban shaidu. Wanda ya riga ya karɓi kuɗin shekara alhali ya san sana'ar matar, to ya cika alkawari, ya ba ta sanarwa da isasshen lokaci kamar yadda doka ta ce, kada ya watsa mata kaya waje don ya burge mu. In kuwa gidan na ɗan ƙasa ne a kan filin kakanninsa, ba mu da ta cewa sai ta hanyar lalama. Kwamiti na roƙon Sarkin Hausawa ya jagorance mu zuwa wurin sarkin garin, mu kai kuka a kan abubuwa ƙayyadaddu da kowane uba zai fahimta: kada a sayar wa yara, a haƙa rami a daina sako ruwan tsami a hanya, a tsayar da kiɗa in dare ya yi, a nisanta daga masallaci da makarantar allo. Abin da ya shafi ƙazanta kuma akwai duba-gari a ƙaramar hukuma, aikinsu ke nan. Amma fa mu shirya jin nasu kukan, domin za su kawo maganar awakinmu da ke cin rogonsu da lasifikarmu ta tsakar dare, kuma ba duka ne za su yi ƙarya ba.

Maganar 'yan hatsi ta fi wuya, kuma kwamiti bai yanke komai a kai ba. Malamai sun karantar da mu cewa tsinuwar da ta zo a hadisi game da giya ba ta tsaya kan mai sha ba, ta haɗa da mai yi da mai ɗauka da mai sayarwa da mai cin kuɗinta, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a sayar wa mutum abu in an tabbatar haram zai yi da shi. Amma mace ta zo ta ce a auna mata dawa tiya biyar, da wannan dawa ake tuwo, da ita ake kunu, da ita ake giya. Shin mai awo zai tsare ta da tambaya? In kuma ita ce babbar mai sayensa shekara goma, ya kuma san komai, shi ke kai mata har gida a baro? Tsakanin waɗannan biyun akwai tazara, muna roƙon Liman ya ware darasi guda bayan sallar Isha'i ya yi wa 'yan kasuwa bayani dalla-dalla. Abu ɗaya dai ba ya bukatar fatawa: hatsin da ya ruɓe kada a sayar wa kowa.

Saura magana ɗaya, kuma ta iyayenmu mata ce. Mu ma muna da tukunyarmu. Kunun zaƙi da kunun aya da zoɓo, waɗanda mata da yawa a nan suke riƙe gida da su, hanyarsu ɗaya da burkutu har zuwa rabin tafiya: hatsi ko aya, ruwa, zaƙi, ɗumi. Ƙwayoyin yis ɗin nan ba sai an zuba su ba, suna cikin iska da jikin mazubi. Abin da ya raba kunu da giya lokaci ne. Ya zo a Sahihu Muslim cewa jiƙon zabibi da ake yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba ya wuce yammacin kwana na uku yana sha. A zafin Abuja na watan Maris, ga wutar NEPA da ba ta tsayawa, kunun aya ba ya ma kai yamma. In kika ga robar ta kumbura, ko kin buɗe ta yi tsit tana kumfa, ko ɗanɗanon ya fara cizon harshe, aiki ya fara, kuma sukarin da wasu ke ƙarawa don ɓoye tsamin abinci ne kawai ake ƙara wa yis. Kada a juye kwantan jiya cikin sabon dami, don daidai abin da mai burkutu ke yi ke nan da gangan. A dama kaɗan wanda zai ƙare a yini. Robobin da yara ke tsintowa kuma, ba a san daga bakin wa suka fito ba, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a tafasa ruwan damun. Shugabar mata ta yarda za ta tara masu wannan sana'a ranar Asabar bayan La'asar a gidanta, kuma an ce a gayyato duk wata maƙwabciya, ko wace ƙabila ce, da ke son ta gwada kunu da zoɓo a maimakon ɗaya tukunyar, tun da kayan aikin kusan ɗaya ne, masu saye kuma ga su nan a kowace tasha.

Masu gidajen haya su tsaya bayan addu'a su ga sakatare, akwai samfurin takardar sharaɗin a hannunsa. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya shirya mana zuriya.